Karan Ilu da Sandar Kanar

Duk wanda ya san Ilu ya san shi da kara a hannu. Karan dawa, busasshe, an fige masa ganye. Da shi yake zuwa kasuwar Ajingi, da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Masallaci kaɗai yake jingine shi a waje, shi ma sai da liman ya yi masa magana sau biyu. Idan ya tsare ka da ido ya ce, "Tsaya. Saki hannunka," to auna ka zai yi.

Ba sai na gaya muku abin da kara yake nufi a wurinmu ba. Mutum ɗaya ake aunawa da kara, wanda ya riga ya cika. A gwada tsawonsa, a karya, a miƙa wa masu haƙan kabari. Ilu ya san haka sarai. Bai taɓa damunsa ba.

Ni Sabo taubashinsa ne. Babansa yayan innata ne. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, har ya mutu ba mu raba gardamar ba. Ba ni da yawan magana. Amma an ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, kuma duk cikinku babu wanda karan nan ya ci kamar ni.

Ya yi shekara ashirin da wani abu a Kano yana ɗaukar wa manya jaka a filin golf, wasan da ake ce wa ƙwallon lambu a rediyo. Bai taɓa mallakar sanda ko ɗaya ba. Tsayawa yake a bayan mutane yana kallon ƙugunsu da kafaɗunsu. Abu ɗaya ya koyo a can ya riƙe har ƙarshe: sanda sai ta yi daidai da jikin mai ita. Korarsa aka yi. Wani babban mutum ya tambaye shi me ya sa ƙwallonsa ba ta shiga rami, yana jira a ce masa iska ce. Ilu ya ce masa tumbinsa ne yake tare masa ganin ƙwallon. A motar yamma ya iso Ajingi ranar.

Da ya dawo sai ya kama sassaƙar ƙota. Ta fartanya, ta gatari, ta galma, da sandar makiyaya. Ba ya sayar maka sai ya auna ka. Ko ka kawo kuɗinka a hannu, idan ka ƙi tsayawa, sai ya ce ka je gaba. Wani tela ya ji tausayin mutane ya ba shi tef kyauta. Ilu ya mayar masa. Ya ce lamba kafin ka kai gida ka manta ta, kara kuwa ba ya mantuwa, kuma in ya karye ga wani nan a danga.

Kun tuna da Ɗan'azumi na Toranke. Ya aiko a yi masa ƙotar galma, zazzaɓi ya kwantar da shi kafin ya zo a auna shi. Ilu ya jira mako biyu, ya ga lokacin noma na matsowa, ya hau keke ya tafi. Aka yi masa iso, mara lafiya na kwance a rumfa ido a rufe. Matar gidan ta fito daga madafi ta ga baƙo tsaye a kan mijinta da kara, ta saki ƙwarya ta fasa kuka. Maƙwabta suka cika gidan. Wani har ya kama hanyar gidan liman. Ɗan'azumi ya buɗe ido ya ga karan. Mutumin da ya kwana goma bai taka ƙasa ba, sai ga shi tsaye yana zagin Ilu da dangin Ilu, har da ni da ba na wurin. Ilu ya bari sai da ya miƙe sosai, sannan ya ce masa ya saki hannunsa. Ya auna, ya karya karan, ya juya. A bakin ƙofa ya ce wa matar, "Ki daina kuka. Ni na tsaye nake aunawa. Na kwance aikin wasu ne."

Kuna dariya. Ni ma na yi a lokacin. Nawa bai zo da dariya ba.

Shekarar da ruwa ya cinye mana gida, na fito da Inna goye a bayana, matata Hansai na biye da buhun gero ɗaya. Ƙafata ta hagu da ma ba ta lanƙwasuwa tun haɗarin mota, noma ya fi ƙarfina. Mun yi wata biyar a ajin makaranta, labule tsakaninmu da wasu. Daga nan aka sama mini gadi a gonar wani Kanar mai ritaya, tsakanin Gaya da Ajingi. Ɗaki biyu a bayan gidan gonar, ga ruwa, ga inuwar darbejiya. Inna ta tsufa, idonta ya tafi. Ban da ɗakunan nan biyu ba mu da inda za mu sa kanmu a duniya.

Kanar dogo ne. Ƙofar gidan gonar ma sai da aka ɗaga ta sama, don ya ce ba zai riƙa sunkuyawa a gidansa ba. Ban ce mugu ba ne. Ya taɓa sa direbansa ya kai Inna asibiti. Amma idan ya faɗi magana ba ya janyewa, ko da ya gane kuskure ce. Kafin ni masu gadi uku ya sallama. Ɗaya tari ya yi lokacin da Kanar ya ɗaga sanda zai buga ƙwallo.

Duk Asabar da safe yake zuwa. A gefen gidan ya sa aka yi masa fili kamar faɗin masussuka, aka zuba yashi, aka gauraya da baƙin mai, aka daddaɓe, aka binne gwangwani a tsakiya ya zama rami. A nan yake koyon bugun ƙarshe na wasan golf. Sandar da ake wannan bugun da ita, mai faffaɗan kai, wadda ake gangara ƙwallo da ita cikin rami, sunanta fota. Aikina in ja buhu a kan yashin ya yi sumul, in ciro ƙwallo, in yi shiru.

A bazarar da nake ba ku labari, 'yarsa ta aiko masa da sabuwar fota daga ƙasar waje. An ce musamman don dogayen mutane aka ƙera ta. Tun da ta zo ƙwallo ta daina shiga. A goma da ƙyar uku. Kanar ba zai ce sandar 'yarsa ba ce. Ya ce yashi ne. Yashi kuwa ni ne. Na fara ganin irin kallon da yake yi mini.

Ilu yakan zo Asabar gaida Inna, gwaggonsa ke nan. Na roƙe shi ya riƙa zuwa da yamma, ya bi ta baya. Yana yin haka. Ranar nan wani mai motar gyaɗa ya rage masa hanya kyauta da sassafe, Ilu kuwa ba ya barin kyauta ta wuce. Ina jan buhu na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin danga. Na yi masa alama da ido ya wuce. Ya gyara tsayuwa.

Kanar ya buga huɗu, huɗun suka wuce ta gefe. Yana shirin ta biyar Ilu ya ce, "Sandar nan ba taka ba ce."

Kanar bai juya ba. Ni ya tambaya wane ne. Na so in ce ban san shi ba. Na ce taubashina ne. Ya ce a kira shi.

Ilu ya shigo da karansa. Direba ya gani ya ja da baya. Abin da Ilu bai sani ba, ko ya sani ya share, watanni kaɗan da suka wuce an yi wa Kanar aiki a zuciya. A gabansa ko "Allah ya ƙara sauƙi" ba a cewa.

Kanar ya dubi karan ya daɗe. Ya ce, "Ka san abin da ke hannunka?"

"Kara ne, ranka ya daɗe. Na gonarka ma, a dangarka na zara."

Kanar ya ce shi da hannunsa ya karya irin wannan a kan mutanensa, waɗanda bai san yawansu ba, kuma duk wanda ya nufo shi da shi yana da rai to ya san abin da ya taka. Ilu ya ce Allah ya jiƙansu. Ya ce shi ba tsawon Kanar yake so ba, daga ƙasa zuwa wuyan hannu kawai, mai haƙa ba abin da zai yi da wannan.

Na ɗauka za a mare shi. Ba a mare shi ba. Ina jin don ni da direba muna kallo ne, Kanar ba zai yarda a ce ya ji tsoron karan dawa ba. Ya ce Ilu ya yi abin da zai yi.

Ilu ya ce ya tsaya da fotar yadda ya saba. Ya ba shi wata ƙwallo, ya ce ya riƙe ta tsakanin idanunsa ya saki. Ta faɗo kusa da takalminsa, taƙi guda daga wadda zai buga. Ilu ya ce ga ciwon nan, idonsa ba ya kan ƙwallo, daga gefe yake leƙenta. Ya karɓi fotar ya miƙo mini. Ya sa shi ya matso, ya karkato gaba kaɗan kaɗan, har ƙwallon da ya saki ta faɗa kan 'yar'uwarta. Sannan ya ce, "Tsaya. Saki hannunka." Kanar ya saki. Ilu ya durƙusa, ya kafa karan a yashi, ya sa babban yatsa daidai wuyan hannun, ya karya. Da karan ya yi ƙara na ji direba ya yi salati a hankali.

Aka jera karan da fotar. Fotar ta fi shi da yatsa huɗu.

Kanar ya ce dogon mutum doguwar sanda ake ba shi, kuma waɗanda suka ƙera ta sun fi masassaƙin ƙauye sani. Ilu ya ce sun fi shi sani, amma ba su ga hannun Kanar ba. Ya ce, "Kai dogo ne, ba gardama. Amma hannunka ma dogo ne, ya kusa gwiwa. Su daga kai suka auna ka, ni daga hannu. Da hannu ake bugawa." Ya ce doguwar sanda ita ta miƙar da shi tsaye, ta nisanta shi da ƙwallo, ta buɗe masa gwiwar hannu kamar kaza za ta tashi, bakin sandar ma ya ɗaga ba ya kwanciya a yashi. Ya ce akwai dogon da za a ƙara wa sanda, wanda hannunsa gajere ne ko bayansa ke ciwo. Kanar ba ya cikinsu. Magani ɗaya ne, a yanke.

Kanar ya tambaya in an yanke ana iya mayarwa yadda take. Ilu ya ce a'a.

Kanar ya dubi Ilu daga hula zuwa silifa. Ya ce, "Kai ba ka da abin da zan karɓa. Shi yana da." Ya nuna ni da haɓa. Ya ce a yanke. Asabar mai zuwa zai buga goma daga taku biyu. In bakwai ba su shiga ba, Sabo ya ajiye makulli.

Ilu bai dube ni ba. Ya ce to.

Na ce, ranka ya daɗe, ni ban ce a yanke ba. Kanar ya ce ai ni na ce taubashina ne. Ya shiga mota.

Motar na fita na shaƙe wuyan rigar Ilu. Ya ce in saki, ita kaɗai gare shi ta fita. Na roƙe shi ya bar sandar yadda take, ranar Asabar in ce ba shi da lafiya, in ba da haƙuri, magana ta mutu. Ya ce in aka bar ta Kanar zai ci gaba da kuskurewa, ya ci gaba da cewa yashi ne, kafin shuka ta fito ya kore ni. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Na ce wancan a hankali zai zo, nasa kuwa kwana bakwai ne. Ya ce bawa da ma ba a san shi da haƙuri ba.

Na ɗauki fotar na tura ƙarƙashin gadon Inna. Na ce nan dai ba zai shiga da hannu ba. Na tafi ɗebo ruwa. Kafin in dawo yana zaune gindin darbejiya, fotar na kan cinyarsa. Inna ce ta ba shi. Ta ce ɗan yayanta bai taɓa ɓata wa kowa ƙota ba, ni ne tun ina yaro nake da gajen haƙuri. Na ce mata ɗakin da take ciki ne a bakin zarto. Ta ce ta ji.

Ina tsaye ya yi aikin. Robar mariƙin bai yanka ta ba, don ya ce ba zai sayi wata ba. Ya zare waya ɗaya daga tsohuwar ƙafar keke, ya cusa ta ƙarƙashin robar, ya riƙa ɗiga fetur yana juyawa har ta zame ta fito lafiya. Ya jera karan da sandar, ya yi alama da gawayi. Ya ciro guntun zarto daga aljihu, karyayye, tun na Kano. Na ce ya bari in je Gaya in samo mai kyau. Ya ce wannan ma bai gama aikinsa ba.

Na taɓa kwanciya ƙarƙashin mota da ta kife ina jin ana yanka ƙarfe don a ciro ni. Wannan ƙarar ta fi waccan shiga jikina. Zarton ba ya ci, sai ya ja sau goma ya tsaya ya hure. Hansai ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta koma. Da guntun ya faɗi a ƙasa Ilu ya ɗauka ya goge ya sa a aljihu, ya ce zai yi wa wuƙar Dije matarsa mariƙi. Ya mayar da robar. Ya auna sandar a tafin hannu ya ce kan ya yi sako-sako tunda an rage ta, ya daka 'yar dalma daga tsohon batir ya manna a baya. Sandar da aka aiko daga ƙasar waje, ta koma kamar kayan gwangwan. Ya miƙo mini, ya sha ruwa, ya yi wa gwaggonsa sallama, ya tafi.

Duk makon bai leƙo ba. Kullum sai na ja buhu a yashin nan sau biyar, ban san amfaninsa ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ranar Laraba na shiga ɗaki na tarar Hansai ta ɗaure tukwane a zani ta tura bayan ƙofa. Ban tambaye ta ba. Ranar Alhamis na je na leƙa ajin da muka zauna a da. An koma karatu a ciki.

Asabar Kanar ya iso da hantsi. Ilu ya riga shi. Na miƙa fotar da hannu biyu. Kanar ya juya ta, ya ga dalmar, ya dube ni. Ya ce direba ya ƙirga. Ya auna taku biyu da kansa, takunsa kuwa kun sani.

Ya tsaya a miƙe yadda ya saba. Sandar ta yi masa gajarta, sai ya miƙa hannu yana kaiwa gare ta. Ta farko ta wuce ta dama. Ta biyu ta tsaya a hanya. Ta uku ta wuce ramin har ta fita daga yashin. Direba yana ƙirgawa da muryar da ba a ji sosai. Saura bakwai, kuma duk bakwai ɗin ake so.

Ilu ya ce, "Sunkuya, ranka ya daɗe."

Kanar ya ɗago. Ya ce tun da ya sa kaki bai sunkuya a gaban na ƙasa da shi ba, makon jiya ma da aka yi ya isa, ba zai maimaita a gaban maigadi da direba ba. Ilu ya tambaye shi sau nawa yake ruku'u a rana. Ilu ya ce rabin ruku'u kawai yake nema. Sannan ya juyo ya ce ni da direba mu juya baya mu fuskanci danga. Muka dubi Kanar. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Muka juya.

Daga nan ban ga komai ba, kunne kawai. Sai in ji sandar ta taɓa ƙwallo, in ji shiru, in ji gwangwani ya amsa. Ta huɗu ta shiga. Ta biyar ta shiga. Direba ya kama hannuna bai sani ba. Ta shida, ta bakwai. Ina kallon wani tururuwa yana hawan karan danga, ban ɗauke ido daga kansa ba. Ta takwas ta yi kamar ta daɗe a hanya, sannan gwangwani ya amsa. Ta tara ta shiga da ƙarfi. Shida a jere. Tun da nake gonar nan bai taɓa jera uku ba.

Ta goma ya daɗe bai buga ba. Ina jin numfashinsa. Ina jin Inna tana tari daga ɗaki, na yi addu'a kada ya ji. Sandar ta taɓa ƙwallo. Na jira gwangwani. Na jira.

Na juya ba tare da an ce in juya ba. Ƙwallon na zaune a bakin ramin, rabinta na leƙa ciki. Babu iska. Na yi tunanin in buga ƙafar nan tawa mai nauyi a ƙasa. Ban buga ba. Muka tsaya mu huɗu muna kallonta, ba ta motsa ba.

Kanar ya dubi sandar a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Ya sani. Duk mun san ya sani. Ina ganin da an bar shi da shirunsa, wataƙila da ya samo wa kansa hanya. Sai Ilu ya ce, "Ka ɗaga kai kafin ka buga. Sandar ba ta da laifi."

Kanar ya ce, "Na ce bakwai." Ya miƙo hannu.

Na ciro makullin na sa masa. Ya ce ina da zuwa Litinin in kwashe kayana. Ya ciro hankici ya goge fotar da kansa, har wurin dalmar, ya sa ta a jaka. An ce har yau da ita yake wasa, bai sake taɓa wata ba.

Ban doki Ilu ba. Ba ni da ƙarfin. Na zauna a kan buhun yashin. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, bawa. Amalanke na jiranmu a titi tun safe, mai shanun yana da wani aiki."

Na ce tun safe. Ya ce tun safe.

Ban tambaye shi ina za mu ba. Kayanmu ba su cika amalanken ba. Muka ɗora Inna a kan katifa, Hansai ta riƙe ta. Ni da Ilu muna tafe a ƙasa har Ajingi.

Gidan Kawu ne, baban Ilu, inda Ilun yake zaune. Kun san gidan. Ɗaki ɗaya ne mai rufi, na Ilu da Dije. Ɗakin kakanmu da ke kusa da shi ya fi shekara goma a buɗe, awaki ke kwana a ciki. Muka shiga na tarar an rufe shi da kwano, tsoho amma ba huda. An yi masa yaɓe, ƙasar ma ba ta gama bushewa ba, an raba shi biyu da zana. Na dubi ɗakin Ilu, babu kwano ko ɗaya a kansa, sai itatuwa da tamfol an danne da duwatsu. Dije ta ce tun ranar Lahadi ya hau yana cirewa shi kaɗai, ya ƙi kiran kafinta, kusoshin ma sai da ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na lura da tafin hannunsa, duk kwano ya yayyanka.

Aka sauke Inna. Ta shafa bakin ƙofar, ta shafa sama, ta ce wannan ai ɗakin babanta ne, a nan aka haife ta. Ta shiga ba wanda ya riƙe ta.

Na ce wa Ilu ashe ya san ƙwallon ba za ta shiga ba, ya bar ni na yi mako ina jan buhu. Ya ce, "Sandar daidai take. Mutumin ne ban yarda da shi ba."

Kwana uku da zuwanmu ruwan farko ya sauka. Duk daminar nan Ilu da Dije ƙarƙashin tamfol suka yi ta, da kwanonin tarar ruwa a tsakar ɗaki. Na ce mu musanya, ya ce bawa ba ya zaɓar wa ubangidansa ɗaki. Na ce to ya sayi kwano, ya ce sai kaka kuɗinsa zai sauko. Bai sauko ba. Bayan wata ɗaya Kanar ya aiko direba, wai in koma bakin aikina, sabon maigadin bai iya yashi ba. Inna ta ce ita ta zo gida. Ban koma ba. A ɗakin nan ta rasu bayan shekara biyu, a kan gadonta, ba a ajin makaranta ba.

Sai bara na samu na rufe masa ɗakinsa da sabon kwano. Bai gode ba. Wata bakwai ya yi a ciki yana cewa na yi ɓarna, tamfol ɗin da sauran ƙarfinsa, kuma sabon kwano ya cika ƙara in ana ruwa. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi.

Ya Allah, bawanka Ilu ya cire rufin kansa ya ɗora a kanmu. Ka sa shi a inuwar da ba ta yoyo, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa bakinsa. Ni na yafe masa tun ranar amalanken, ban dai gaya masa ba. Ka gaya masa. Amin.